Gwangwanin Kaka Ermelinda

Saura awa biyu motar Calama ta tashi.
Na zuge jaka, na ɗaure takalmi,
Kaka Ermelinda ta ce, zauna tukuna.

Ta juye gwangwanin alewa a tafin hannunta,
guda uku suka rage a ciki.
Ta jefa ɗaya a baki, ta turo mini biyu,
ta goge cikinsa da haɓar zanen tebur.
Can ƙasan tudunmu Valparaiso na miƙa,
jiragen ruwa na kuka kamar shanun da aka manta da su.

Ta yanko kwali daga akwatin shayi,
faɗinsa bai kai yatsu uku ba,
ta yi masa haƙora da almakashi.
Baƙin zare ta fara naɗawa, sannan fari,
sai shuɗi irin na rigar leburori,
sai ja, taƙi guda kawai.
Na ce, Kaka, me zan yi da ja a ramin tagulla?
Ta ce, kai dai riƙe mini nan.

Allura uku ta soke a guntun bargo,
tsohon bargon da kyanwarmu ta haihu a kai.
Ta ɗaga ɗaya wajen taga,
ta lashi zare, ta kai, ta kuskure,
ta sake kaiwa, ta kuskure.
Shekara arba'in da ɗaya tana ɗinka wa matuƙan jirgi,
yau kafar allura ta rufe mata ƙofa.
Ba ta ce komai ba. Ta miƙo mini.
Na zura dukan ukun, ta ƙulla bakinsu da laluben yatsa.

Fil huɗu. 'Yar hular ƙarfe ta yatsa
wadda ko ɗan ƙaramina ba ya shiga.
Almakashin yankan farce.
Sai ta tashi, ƙafa na ja,
ta buɗe kabad, ta tsinko maɓalli
daga kwat ɗin Kakana Aurelio,
wanda teku ta riƙe tun ina goye.
Maɓallin ƙaho, gefensa a lashe.
Ta rufe gwangwani, ta ɗaure shi da roba,
ta kaɗa shi a kunnena: ko motsi babu.
Minti goma sha biyar, shayinta bai ma huce ba.

Yini da kwana muna keta hamada.
Na manta da shi a aljihun ƙirji.

Da asuba, mun wuce Antofagasta,
dattijon da ke gefena ya farka yana laluben ƙasa.
Sunansa Froilán. Kwat ɗin aro ne,
'yarsa za ta karɓi takardar gama karatun jinya,
ga maɓallin tsakiya ya bi duhun mota,
kwat ta wage baki kamar tana masa dariya.

Na cire robar.
Ƙamshin alewa ya tashi, da na ɗakin Kaka.
Na daɗe ina juya maɓallin ƙahon nan
tsakanin babban yatsa da manuni.

Mota na tsalle, allura na tsalle,
sau biyu na ɗanɗani jinina.
Baƙin zaren ya tsinke, ya sarƙe,
farin zai yi ihu a kan baƙar kwat,
shuɗin na ɓarar da shi ƙarƙashin kujera.
Da ja na ɗinka.
Froilán ya duba ƙirjinsa, ya shafa,
ya ce, kamar an sa mini fure.

Daga tasha na kira gida.
Na ce, Kaka, na ba da maɓallin.
Shiru, sai ƙarar cokali a kofi.
Can ta ce, ka zagaye wuyansa sau uku kafin ka ƙulla?
Na ce, sau biyu.
Ta ce, to, zai kai shi yamma.