Rana Biyu a Valparaíso

Jiya da dare wasan ya fito,
sai asuba ya gama sauka.
Renato ya bar shayi ya huce,
ya dira a duniya mai rana biyu,
ƙasarta shuɗiya kamar an ɓarar da baba.

Taswira ta ce taska na arewa.
Shi kuwa ya yi kudu,
bin wata dabba mai ƙafa shida
da ke ɗingishi irin na karen maƙwabta.

Can gangare jirgin ruwa ya busa ƙaho.
Iskar kwalkwali saura ƙiris.
Kaka Eulalia ta leƙo, burodi a hannu,
ta yi tsai.
"Wancan dutsen," ta ce, "ana hawansa?"
Ya matsa mata a kujera.