Ragowar Hilumur

A saman kabad, cikin gwangwanin madara,
naɗe da tsohon mayafi mai ƙamshin sandal,
akwai ragowar hilumur ɗin Inna Mastura,
na shekarar da Nilu ya hau har gindin bagaruwa.
Azumi uku ba mu taɓa shi ba.

Yau Ihlas ta ce, Baba, zai lalace.
Na ce, abin da aka gasa da haƙuri
ba ya gaggawar mutuwa.
Amma na miƙa hannu na sauko da shi.

Dawar gonarmu ce, ja, ta bakin kogi,
gonar da kakana ya sare
ranar da ya sauka daga jaki da niyyar Makka
ƙafa ta ƙi wuce Mai Wurno.
Inna ta jiƙa ta, ta rufe da buhu har ta tsiro,
ta shanya, ta niƙa, ta dama,
kullu ya kwana bakwai yana magana shi kaɗai.
Sannan mata suka kewaye doka,
hayaƙi na cin ido, ana gulmar farashin sukari.

Tun la'asar na jiƙa falle biyu a ruwan randa.
Na tace da farin ƙyalle.
Ba jan zoborodo ba ne mai rawar kai,
ja ne da ya zauna,
irin na lalle kwana uku bayan biki.

Da aka kira magariba ban yi sauri ba.
Na fara kai kofin hanci:
hayaƙin itace, kirfa, can ƙasa hulba,
da wani abu kamar ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.
Kurɓar farko zaƙi ne, ya gaishe ni a bakin ƙofa.
Tsami ya biyo, ya zauna a gefen harshe.
Ɗacin bai zo ba sai da na haɗiye,
ya tsaya a maƙogwaro
kamar baƙon da ya zo da saƙo bai faɗa ba.
Cittar da ke cizo a shekarar fari ta sauke murya,
tsamiya ce yanzu ke jan zance.

Usta Babikir maƙwabci ya ce, da dabino ake shan sa.
Na gwada barakawi guda.
Zaƙi ya hau kan zaƙi, aka rasa mai sauraro.
Ihlas ta turo asida da tagaliya,
suka tafi tare lafiya lau,
kamar 'yan uwan da suka saba har ba sa hira.

Sai Siddiku ya shigo da agashe a takarda,
da zafinsa, ƙuli da barkono, albasa, lemun tsami.
Yanka ɗaya, kurɓa ɗaya.
Maiƙo ya kwanta, yaji ya ja da baya,
hayaƙin nama ya gane hayaƙin doka,
ɗacin nan ya faɗi saƙonsa.
Babikir ya aje dabinonsa bai ce komai ba.

Ihlas ta ce, nawa take sa kirfa?
Muka dubi juna.
Ba wanda ya taɓa tambaya.
Da tafin hannu take awo,
hannun kuma yana gabas da gari, ƙarƙashin ƙasa.

Falle ɗaya ya rage.
Na mai da shi gwangwani, na ja mayafi.
Da na juyo, yarinyar tana tsaye a gaban fitila
ta buɗe tafinta tana kallo,
tana ɗan lanƙwasa yatsu,
tana ƙara buɗewa.