Yanar Kunu

Na dawo daga jami'a da littafi a hammata,
Goggo Tabawa na bakin murhu a Gangare,
sanyin Jos ya sa ta lulluɓa har ka.
Ta ce, "Yau kuma me duwatsun suka faɗa?"

Na ce, "Goggo, ƙasar nan ba shimfiɗa ɗaya ba ce,
faya-fayai ne jere a kan zafi,
suna tafiya, tafiyar tsiron farce.
Inda biyu suka haɗu, wanda ya tsufa,
ya huce, ya yi nauyi,
shi ke sunkuyar da kai, ya shige ƙarƙashin ɗan'uwansa.
Wani ma ɓarewa yake daga ƙasa,
gindin ya saki saman, ya nutse shi kaɗai,
na bisa ba su da labari."

Ba ta ɗago ba.
Ta jawo kwanon kunun da ya yi yana,
ta sa bakin ludayi, ta tura kaɗan.
Yanar ta tattare, ta tsage a tsakiya,
gefe guda ya karkata, ya lume,
tururi ya taso ta wajen tsagar.
Ta ce, "Wannan ne ake biya maka kuɗin makaranta?"

Muka yi dariya. Tata ta riga tawa ƙarewa.

Ta ce, "Ngo Chundung, katanga ɗaya muka haɗa.
Shekara ashirin ina miƙa mata gishiri,
tana miƙo min acca ta saman bango.
Ba a rana ɗaya ƙasa ta rabu ba, Sallau.
Gaisuwa ce ta fara gajarta,
sai yara suka daina cin kwano ɗaya,
sai wata safiya, mota a ƙofar gida.
Yanzu tana can bayan Bukur.
Kuɗin mota bai kai na mudun gero ba,
amma ka ga na je?"

Na buɗe littafin, na rufe.

Ta ce, "Shi wanda ya nutse ɗin, shi ke nan?"

Na ce, "A'a. Da ruwansa yake sauka.
Can ciki ruwan ya narkar da dutse,
narkakken ya nemi hanya, ya huda, ya fito,
wata rana a wayi gari da tsauni."

"Shekara nawa?"

"Miliyoyi."

Ta juya kunun har yanar ta ɓace,
ta leƙa ta taga wajen duwatsun Shere.
Ta ce, "Ni ba ni da miliyoyi.
Duba min takalmina a ƙarƙashin gado,
ka ƙulla min gishiri a leda."