Taku Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ina biyan kuɗin gidan nan
kafin banki ya sakar mini takardarsa.
Ciyawar gaban ƙofa ni na shuka ta,
ni ke aske ta duk Asabar
a garinmu da ke jingine da tafkin Erie.

Daga inda doka ta ce a ajiye mota
zuwa bakin ƙofarmu, taku talatin da huɗu ne.
Na ƙirga.
Henrietta ce ta koya mini ƙirgar taku
tun da likitoci suka sa mata ƙarfe a ƙugu.
In na hau ciyawa da motar, taku bakwai.

Ranar Talata sai ga takarda ruwan ɗorawa
maƙale a gilashin gaba:
dala saba'in da biyar,
laifin tsayar da abin hawa a ƙasar da ba a daɓe ba.
Na waiga titi. Titi na can, ban taɓa shi ba.
Motata ce, ciyawata ce,
matar da ke ɗingishi ma tawa ce.

A ofishin ƙaramar hukuma
wani saurayi mai tabarau ya juyo mini allon kwamfuta.
Ya ce baƙin mai kan ɗiga, ruwan sama ya kai shi tafki.
Ya ce darajar gidajen unguwa kan faɗi.
Ya ce ai ba yawo suke yi suna leƙen gidaje ba,
wani ne ya buga waya.
Bai faɗi suna ba, ban tambaya ba.
Na san labulen da ke motsi a tsallaken titi
duk sanda na kashe inji.
Labulen Vern Haskell,
wanda na kwashe wa ƙanƙara hunturu biyu
lokacin da bayansa ya riƙe.

Na biya.
Amma na ce ya karanta mini sashen, a hankali, sau biyu.
Kowace taya, in ji doka, ta zauna kan siminti ko dutse.
Ba ta faɗi faɗin dutsen ba.

An ce mai haƙuri kan dafa dutse.
Ni sayo shi na yi:
fale-fale huɗu, kowanne kamar faifai,
na haƙa, na binne, na daidaita da tsohon katako,
Henrietta na taga tana cewa na hagu ya karkace.
Ya karkace ɗin kuwa.

Da safiyar Juma'a jami'a ta zo,
Pruitt, haka aka rubuta a ƙirjinta.
Ta durƙusa da igiyar awo,
ta zagaya taya ɗaya, biyu, uku,
a ta huɗu ta daɗe,
kafaɗarta na rawa, ba ta so in ga dariyar.
Ta rubuta wani abu. Ba ta yage takardar ba.

Sai ƙofa ta buɗe.
Ranar asibiti ce, mun ma makara.
Henrietta ta fito da sandarta, ta tsaya a matakala
tana auna nisan da ido.
Jami'ar ta soke biro a aljihu,
ta tako ciyawata da manyan takalmanta na hukuma,
ta miƙa mata gwiwar hannu.

Ɗaya. Biyu.
Na ji bakina na ƙirgawa.
A na biyar suka huta.
A tsallaken titi labule ya motsa, ya tsaya a buɗe.

Sawun takalmin nan ya kwana biyu a ciyawar.
Da Asabar ta zo
na kewaye wurin da injin aski,
ban san dalili ba.