Shirun da Na Saya

Kawu Barmo ya yi shekara talatin da ɗaya
yana jan tirela tsakanin Maraɗi da Kwatano.
Yanzu ƙafa ta ƙi, baki ne kaɗai ke tafiya.
Na ce bari in kama muryar
kafin ita ma ta bi ƙafa.

Na kife turmi, na ɗora kwamfutar cinya,
ya yi awa biyu yana zuba.
Da dare na kunna:
zuma ce ta cika tulu,
yayyafi ne a kan kwano,
shi kuwa can ƙasa, kamar wanda ya faɗa rijiya
yana roƙon a miƙo guga.

Ran Litinin na shiga babbar kasuwa,
layin masu waya, rumfar Tsahiru.
Ya ce, "Kunnen cikinta ne ƙarami,
ga shi maƙwabcin fanka.
Sai kin yi mata aron kunne daga waje."
Ya jera uku a kan gilashi.

Na fari bai wuce kwanson gyaɗa ba,
rami biyu, kore da ja, jaka biyu.
Na biyu ƙarfe ne, da sanyi a tafin hannu,
da ɗan maɓalli da ake murɗawa,
jaka goma sha takwas.
Na uku jan akwati, na ƴan situdiyo,
kuɗinsa na ji sau ɗaya
na kama gefen tebur.

Na ce ya sa mini waƙa in gwada.
Ya girgiza kai.
"Waƙa tana rufa wa kowane kati asiri.
Sa abin kunne, kada ki ce uffan.
Shiru kika zo saye."

Na sa na fari.
Mai ne a kasko, ana jiran ƙosai.
Na sa na biyu.
Wani gunaguni can ƙasa-ƙasa,
kamar tsoho da aka hana goro.
Tsahiru ya zare caja daga bango.
"Ba laifinsa ba ne, wutar gari ce ke mita."
Sai komai ya kwanta,
kamar ruwan randa da asuba.

Na uku ban taɓa ba.
Abin da ba za ka saya ba, kada ka ɗanɗana,
harshe ba ya mantuwa.

Na taya sha uku, ya ce albarka.
Na juya, ya bar ni har bakin rumfar mai agogo
sannan ya kira.
Sha biyar, da gyaran igiya.

Kabu-kabu ya sauke ni Bagalam
ana kiran la'asar.
Na zare caja, na kore kaji,
na murɗa maɓalli kaɗan, ba duka ba,
yadda aka ce mini.
Kawu ya koma farko, bai yi fushi ba,
mai labari ba ya ƙin a ce ƙara.

Da dare na kunna.
Ga shi nan, zaune cikin kunnena.
Ga fito daga giɓin haƙorinsa,
ga carbi yana ƙirga kansa,
ga Birnin Ƙonni, ga Doso, ga gadar Gaya,
ga tayar da ta fashe a shekarar fari.

Sai ya zo kan Ɗan Jimo, yaron motarsa,
wanda ya kwanta inuwar tirela da rana
a wani gari da Kawu ba ya faɗin sunansa.
A ɗaukar farko, nan ne hayaniya ta cika,
na ɗauka na'ura ce ta haɗiye maganar.

Ashe ba abin da ta haɗiye.
Na duba agogo: daƙiƙa arba'in da ɗaya.
Numfashi biyu. Carbi ya tsaya.
Can nesa wata tana daka.

Na kai hannu in yanke wurin,
don masu sauraro ba su da haƙuri.
Na janye.
Jaka goma sha biyar na biya,
kuma Tsahiru ya gaya mini tun farko
abin da nake saye.