Sulken Kwali

Kwalin firji daga kasuwar Wunti,
sai da Nafi'u ya yi ciniki kamar mai sayen sa.
Tsohuwar katifar Inna ta koma kafaɗu,
silifas ɗina ya koma gwiwar jarumin gem.

Kwana tara gam na cin yatsunsa.
Takobin, bututun famfo ne
da ya sha fentin azurfa har ya fara ƙarya.

Ranar sakawa ƙofa ta ƙi shi,
ya fito a karkace kamar ƙaguwa.
Akuya ta ɗanɗana garkuwar.
Na yi dariya har na zauna.

Da dare aka ɗauke wuta.
Yaron da ba ya zuwa bayi shi kaɗai
ya gyara kwalkwali, ya ce:
"Yaya, biyo bayana."