Kujerar Arvo

Tikiti ya ƙare tun ranar Talata.
Na tsaya bakin ƙofa, hannu cikin aljihu,
numfashina na tashi fari kamar tururin tukunya.
Wata uku ke nan da zuwana arewacin Michigan,
ɗalibin aro, za a mayar da ni in shekara ta cika.

Wata tsohuwa ta taɓa min kafaɗa.
"Kai kaɗai ne?"
Na ce ni kaɗai.
Ta ce, "Kujera biyu gare ni, jiki ɗaya. Biyo ni."
Sunanta Helmi. Tafiyarta ta agwagwa,
jakarta ta fi ta nauyi.

A ciki, ruwa ne aka daskarar aka shafe kamar faranti.
Samari da wuƙaƙe a tafin takalma
suna sulɓi, suna karo, sanda na cizon sanda,
duk a kan wani ɗan baƙin abu
kamar wainar da aka manta a tanda.
Idona bai taɓa kama shi ba.
Sai an yi ihu nake sanin inda ya shiga.

Mu kore, su rawaya.
Na sha tambayar mafarin wannan gaba:
wani ya ce ƙararrawa aka sace zamanin kakanni,
wani ya ce a'a, alƙalin wasa ne ya ci amana.
Babu wanda ya gani, kowa ya rantse.

Helmi ta zuge jaka,
ta zaro mayafin wuya, rawaya, gefensa ya zare,
ta naɗa min shi a kan koren da na saya da kuɗin abincina.
"Na Arvo ne," in ji ta.
"Can ya yi karatu, ni nan.
Shekara arba'in da ɗaya yana zama kujerar nan,
tsakiyar maƙiya, yana ihu shi kaɗai.
Ya rasu a Afrilu."
Ta gyara min kullin.
"Ina amfanin nasara
in babu wanda zan yi wa dariya a mota?"

Ashe wasan taubasai ne.
Na san shi. Da shi aka yaye ni.
Wanda kake zolaya, shi kake nema in ka shiga taro.

Minti tara da farawa, rawaya suka zura.
Zaure ya yi tsit, har ana jin kukan takalmi a ƙanƙara.
Ta zungure ni da gwiwar hannu.
Na miƙe.
Ni kaɗai, cikin kore dubu uku,
na buɗe maƙogwaro da muryar da ban san na zo da ita ba,
na yi wa mamaci ihunsa.

Gugguru ya sauko min a ka kamar ƙanƙarar damina.
Malamin da ke koya mana lissafi ya waigo,
ya gane ni, ya dafe goshi.
Helmi na dukan gwiwata da takarda naɗaɗɗa:
"Zauna, maci amana!"
Tana dariya, gilashinta ya yi hazo,
ta cire, ta daɗe tana gogewa.

Huɗu da uku aka tashi. Kore suka ci,
wato mun ci, wato an ci mu.
Tun daga matakala har inda ta ajiye mota
ba ta bar ni na huta ba:
mai tsaron gidanku rariya ne,
ku koma ku koyi tsayuwa tukuna.
Na rama da abin da ya samu.
Ta zuba min kofi a murfin fulas, ba sukari.

Na kwance mayafin zan miƙa mata.
Ta ce, "Akwai ramuwa a Fabrairu, a gidansu.
Tuƙin awa biyu ne, kai za ka riƙe taswira.
Kuma ka gyara murya. Arvo ya fi ka."

Na taka zuwa ɗaki, dusar ƙanƙara na ƙara ƙarƙashin ƙafa,
wuyana da ɗumi biyu.
Abokin ɗakina ya leƙo daga bargo:
"Wa ya ci?"
Na tsaya ina kwance igiyar takalmi,
ina neman ta inda zan fara.